Daƙiƙa Huɗu Daga Muryar Baba

Shafi na 27

Masu cika mini akwatin saƙo tun jiya, na gan ku, ku sarara mini haka nan. Ke kuma da kika ce na cika ɗaure wa Tsawa gindi saboda yana da kyau, gyara zama. Wallahi ni da nake bugawa sai da na ajiye wayar sau biyu na sha ruwa.

*

Karo na uku ke nan Tsawa yana maimaita amshin, lasifikoki na girgiza gilashin taga, sai ƙofar sutudiyo ta buɗe ba ko sallama.

Bai waiwaya ba. Ya zaci mai kawo ruwan sha ne.

Mako biyar ke nan da waƙar "Ka-Ka-Ka" ta fita, kuma mako biyar ke nan ba a jin komai a gari sai ita. Shagon aski ita, motar haya ita, wayar kowane yaro ita. Tsawa ne ya haɗa kiɗan a wannan kwamfutar da ke gabansa, mawaƙinsa Kwamanda ya hau kai da baitoci. Gobe za su hau dandamali mafi girma a rayuwarsu, shi ya sa tun hantsi suke ƙara wa kiɗan nauyi.

"Auta."

Hannunsa ya tsaya cak a kan madannai.

Duk duniya Tsawa ake ce masa. Mutum uku ne kawai ke kiransa Auta, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa taka ƙafa a nan.

Ya juyo da kujerarsa a hankali.

Yaya ce, babbar 'yar gidansu, wadda ta goya shi tun bai san kansa ba. Fararen kayan aikinta na asibiti ne a jikinta, jaka a hammata, fuskar nan a ɗaure tamau.

"Yaya! Ke ce da kanki? Ikon Allah. Shigo mana, bari in kawar da wayoyin nan ki zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba."

Kwamanda ya fito daga ɗakin ɗaukar murya yana zare abin ji daga kunnensa, baki har kunne. Shi dama haka yake, bai iya karanta fuskar mutane ba ko kaɗan.

"Oga, wannan ce Yayar da kake ba mu labari? Yaya barka da zuwa! Kin zo a daidai, yanzu muke gyara waƙar. Kin dai iya rawar ko?"

"Wace rawa?" ta ce.

"Haba Yaya, rawar Ka-Ka-Ka mana! Ni na ƙirƙiro ta. Duba nan."

Tsawa ya ce, "Kwamanda, bari."

Ina! Tuni ya sake hannu ɗaya yana lilo kamar ba ƙashi a ciki, ya karkace baki gefe guda, yana fizgar kai sau uku. "Ka! Ka! Ka!" Ya tsaya, ya ja ƙafa, ya sake.

Yaya ta kalle shi tun daga sama har ƙasa. Ta zuge jakarta, ta ciro wani abu, ta ajiye a kan teburin haɗa sauti.

Zobe ne na azurfa, ya sha shekaru, gefensa ya ɗan lanƙwashe.

Tsawa ya ƙura wa zoben ido.

"Ka san wannan?"

"Zoben Baba ne."

"Madalla, ashe ba ka manta ba. Tun da ka buɗi ido a duniya ka taɓa ganin zoben nan ba a yatsansa ba?"

"A'a."

"Kwana tara ke nan da ya cire shi ya cusa ƙarƙashin matashi. Kwana tara ke nan bai furta ko harafi ɗaya ba. Ka sani?"

"Umma ta ce mini jikin ne ya ɗan motsa. Na ce da na gama da taron gobe zan leƙo."

"Za ka leƙo." Ta gyaɗa kai. "Kunna mini waƙar."

"Yaya, ai kin santa, ko'ina ana..."

"Na ce ka kunna."

Ya danna. Kiɗan ya tashi, ƙasa na rawa. Sai ƙwanƙwasar nan siririya ta shigo, tak, tak, tak, ta ɗan tsaya, ta sake. A kanta kuma muryar da ta haukata gari, siririya kamar ta 'yar tsana, ka, ka, ka.

Ta ɗaga hannu. Ya tsayar.

"Muryar wane ne wannan?"

Kwamanda ya yi caraf ya amsa. "Ai ba mutum ba ne, Yaya. Na'ura ce. Oga ne ya ƙera muryar da kwamfuta tun daga tushe, har a rediyo ya yi bayani. Kwana huɗu bai fita ba yana ƙera ta. Shi ya sa duk makaɗan garin nan suka kasa kwaikwaya."

"Haka ne, Auta?"

Shiru.

"Da kai nake. Na'ura ce?"

Zufa ta karyo masa duk da sanyin na'urar ɗakin. Ya kalli kwamfuta, ya kalli ƙasa, ya kalli takalminsa.

"Ni ban san aikinku ba," Yaya ta ce, "amma na tambayi wanda ya sani. An ce kuna iya ɗaukar muryar ƙato ku matse ta, ku ƙara mata gudu, ta koma ta jariri. An kuma ce abin da aka matse ana iya sake shi ya koma yadda yake. Gaskiya ne ko ƙarya?"

"Gaskiya ne."

"To sake ta."

"Yaya, don girman Allah mu je waje mu yi magana, ni da ke."

"A waje ake rawarta, a nan aka dafa ta. Nan za mu yi."

Kwamanda ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi ƙarfi ba. "Oga, sake mata mana ta ji, ai ba komai. Ƙarar ƙarfe kawai za ta ji."

Kai jama'a! Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da Tsawa ya shige ya ja ta ya rufe.

Ya kai hannu. Ya kashe ganguna. Ya kashe kiɗan ƙasa mai girgiza ƙirji. Ya kashe muryar Kwamanda. Layuka goma sha tara ne a fuskar kwamfutar, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kashewa, har saura guda. Sannan ya kama maɓallin da ya murɗa sama watanni biyu da suka wuce, ya dawo da shi ƙasa.

Ya danna.

Tak. Tak. Tak.

Ƙarar azurfa ce a kan hannun kujerar katako.

Sai numfashi mai nauyi, na dattijon da ke kokawa da harshensa.

"Ka... ka... kaaa..."

Daƙiƙa huɗu. Ta ƙare, ta koma farko da kanta, don haka ya saita ta.

"Ka... ka... kaaa..."

"Kashe," Yaya ta ce. Muryarta ta fara rawa.

Kwamanda ya ja da baya har bayansa ya bugi bango.

"Oga... wannan ai mutum ne."

Ya kalli lasifikar, ya kalli Tsawa.

"Oga, wannan tsoho ne. Wane ne?"

"Mahaifinsa ne," in ji Yaya. "Mahaifinmu. Shekara talatin da ɗaya yana shugaban makaranta. Yara ɗari takwas suke jeruwa a fili, ya yi magana ba makirfo, na layin ƙarshe ya ji shi tar. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya tafi da hannun hagu, ya karkace baki, ya tafi da magana. Wata takwas muna fama kafin ya iya cewa ruwa."

Kwamanda ya dubi hannunsa na hagu, wanda ya gama lilo da shi yanzun nan. Ya cusa shi a aljihu.

"Likitan magana ne ya koya masa ƙwanƙwasa zobe," ta ci gaba. "Ya ce duk gaɓar da zai furta ya buga sau ɗaya, zai taimaka wa harshen ya bi. Ya ce mu riƙa ɗaukar atisayen kullum muna tura masa ya ji ci gaba. Ni na ɗauka, Umma ta ɗauka, har mijina ya ɗauka. Sau nawa ka ɗauka, Auta?"

"Sau ɗaya."

"Ɗaga murya, ai kai ne Tsawa."

"Sau ɗaya, Yaya."

"Sau ɗaya tak na roƙe ka, ranar da aka riƙe ni a wurin aiki. Na ce kai da kake yawo da rikoda a aljihu kana ɗaukar ƙarar ƙofa da cokali da tayar mota, je ka ɗauki mahaifinka na minti biyar. Ashe kasuwa na aike ka."

Kwamanda ya cire hularsa. Idanunsa sun kaɗa.

"Oga, ka bar ni na karkace baki a bidiyo. Kana zaune a bayan kyamara. Har ka ce in ƙara karkacewa."

"Ban ce ka ƙara..."

"Ka ce! Wallahi ka ce, ka ce ya fi fitowa!" Ya juya wurin Yaya ya ɗan rusuna. "Yaya, ki yafe ni. Ni kakata haka ta yi shekara uku kafin ta rasu, ni nake ba ta abinci a baki. Da na sani, ko da wuƙa a wuya ba zan yi ba."

Ya ɗauki wayarsa ya fita. Ko ƙofar bai ja ba.

Tsawa ya juyo wurinta.

"Yaya, wallahi ban yi don in ci mutuncinsa ba."

"To don me ka yi?"

"Ina hanyar dawowa ne na sa a kunne in ji ko ta ɗauku da kyau. Sai na ji bugun nan. Uku, ya tsaya. Uku, ya tsaya. Daidai yake zaune a kan awo, ko gyara ba ya buƙata. Shekara bakwai ina neman irin wannan sautin. A lokacin ba Baba na ji ba, Yaya, kiɗa na ji. Na ce zan gwada kawai in goge. Da na matse muryar sai na ga ba wanda zai gane. Da Kwamanda ya ji ya haukace, sai na kasa faɗa. Da ta fita ta kama, sai na ƙara kasawa."

"Ba wanda zai gane," ta maimaita. "Ka san yadda ya gane?"

Ya girgiza kai.

"Ranar Asabar ta wancan makon na kai yarana su gaishe shi. Suna murna, suka ce za su nuna wa Kaka rawar kawunsu. Suka kunna a wayata. Su uku suka jeru a gabansa a tsakar falo, suka saki hannu, suka karkace baki. Jikokinsa, Auta. Har Umma tana tafa musu, baiwar Allah ba ta san komai ba."

Tsawa ya dafe kansa da hannu biyu.

"Ni ma ban gane ba da farko. Sai na ga yatsan Baba yana motsi a kan kujera, yana bin bugun. Tak, tak, tak. Daidai da na cikin wayar, ba gaba ba baya. Ya yi sau biyu, sai ya tsaya. Ya kalli yatsansa. Ya kalli yaran. Ya sa haƙori ya zare zoben, don ɗayan hannun ba ya aiki."

"Ya isa, Yaya."

"Bai isa ba! Yanzu daga wurin likita muke. Awa guda mutumin nan yana lallashinsa, Baba ya kafe bango da ido. Likita ya ja ni gefe ya ce in ya ƙara makonni a haka, abin da aka samu a wata takwas zai zube, kuma ba lallai ya dawo ba. Ka ji abin da ka saya mana da daƙiƙa huɗunka."

Ni dai na ce, Tsawa, ina bakin nan naka na gidan rediyo? Ina "ni ne na kawo sabon sauti"? Ga shi nan zaune ya yi tsuru-tsuru, hawaye na ɗiga a kan madannai.

"Zan sauke ta," ya ce. "Yau ɗin nan. Zan cire ta daga ko'ina."

"Daga wayar wa za ka fara? Ta masu aski ko ta 'ya'yana?"



Ta ja kujerar da ta ƙi zama a kai ɗazu, ta zauna. Ta share fuska da gefen mayafinta. Da ta sake magana muryar ta sauka, kuma wannan ya fi masa ciwo a kan faɗan.

"Abu ɗaya na zo tambaya. Me yake son ya ce?"

"Wa?"

"Baba. Ka, ka, ka. Farkon magana ce ai. Likita ya ce ranar ba kalmomin takarda ya ba shi ba, cewa ya yi ya faɗi duk abin da ke ransa. Kai ne a wurin. Me ya ce maka?"

Tsawa ya kawar da kai.

"Auta?"

"Ban sani ba."

"Kamar yaya ba ka sani ba?"

"An kira ni a waya. Wani mai shirya taro ne, na daɗe ina jiran kiransa. Kin san Baba yana rufe ido in yana ƙoƙarin magana. Sai na bar rikodar a kan tebur na lallaɓa na fita. Da na dawo ya gama."

"Ka tura wa likita?"

"A'a."

"Ka saurara daga baya?"

Ya sunkuyar da kai.

"Wata biyu," ta ce. "Sau nawa ka saurari daƙiƙa huɗun nan?"

"Ba zan iya ƙirgawa ba."

"Sauran fa?"

"Ko sau ɗaya."

Yaya ta yi wata irin dariya marar daɗi, ta tafa hannu sau ɗaya. "Sannu, makaɗi. Sannu da aiki. Tana nan ko ka goge?"

"Ba na goge komai."

"Nemo ta."

Ya shiga cikin ma'ajiyar sautukansa. Yaya na tsaye a kansa tana karanta sunayen da ya raɗa musu. Ƙofar gareji. Cokali a kofi. Ruwan sama a kwano. Tsohon fanka. A tsakanin tsohon fanka da kukan kyanwa, ga shi nan, ya rubuta "tsoho, bugu uku".

"Tsoho," ta karanta a fili.

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ya buɗe. Zanen sautin ya miƙe a fuskar kwamfutar, minti uku da daƙiƙa arba'in. Can farko ga ɗan yankin da ya shata da launin ja, ɗan mitsitsi. Duk sauran fari ne, bai taɓa kai hannu wurin ba.

Ya manta lasifikokin na nan a ƙure yadda suka bar su. Ya danna.

Muryarsa ce ta fara fitowa, cike da gaggawa. "To Baba, bismillah, ina ɗauka."

Tak, tak, tak. "Ka... ka... kaaa..."

Sai gurnanin waya a aljihu. Sai motsin kujera. Sai takun mutum mai sanɗa. Sai ƙofa, a hankali, ƙyas.

Tsawa ya runtse ido. Yana jin kansa yana fita.

Baba bai sani ba. Ya ci gaba.

Tak. "Ka..."

Numfashi.

Tak, tak. "Kun... kun... na."

Shiru mai tsawo. Ana jin yadda yake haɗiyar yawu, yana sake tattaro ƙarfi.

Tak, tak. "Mi... ni."

Yaya ta toshe bakinta da mayafi.

Tak. Tak. Tak. "Ki... ɗan... ka."

Tak, tak. "In... ji."

Tsawa ya zame daga kan kujera ya durƙushe a ƙasa.

Ku da kuka biyo labarin nan tun farko kun san abin da ya sa. Ku da kuka shigo yau, bari in gaya muku. Ranar da Auta ya ajiye karatun jami'a a shekara ta biyu ya ce shi kiɗa zai yi, Baba ya tsaya a ƙofar falo ya ce, "Kada in kuskura in ji wannan gwangwanin a gidana." Shekara bakwai bai janye ba. In waƙar ɗansa ta zo a rediyo, tashi yake ya kashe da kansa. Shekara bakwai Auta yana cika baki a waje, yana cewa ko a jikinsa, alhali duk kiɗan da ya gama sai ya zauna ya yi tunanin yadda fuskar Baba za ta yi in ya ji.

Minti biyu da rabi dattijon nan ya yi yana haƙo kalma shida, kujerar da ke gabansa ba kowa.

Rikodar ba ta ƙare ba.

An ji ajiyar zuciya, irin ta wanda ya sauke kaya. An ji ɗan sautin murmushi ma. Da alama a nan ya buɗe ido.

Shiru.

"Auta?"

Tar ta fito, ba gargada, ba bugun zobe. Ita ce kalma mafi kyau da ya furta tun da ciwon ya same shi.

Shiru.

"Au... ta?"

Daga nan ba magana kuma. Sai zoben kawai, shi kaɗai, tak... tak... tak, yana raguwa har ya daina.

Can sai ƙofa. Sai muryar Tsawa, fes, cike da farin cikin wanda ya samu aiki.

"Baba an gama? Kai, madalla, ka yi ƙoƙari sosai yau! Bari in gudu, ana jirana."

Ƙit. Ta ƙare.

Yaya kuka take sosai yanzu, ba ta ko ɓoyewa.

"Ya nema," ta ce. "Ashe ya nema. Shi ya sa duk ranar da ka ce za ka zo yake sa Umma ta canza masa riga. Mu muna cewa rigimar ciwo ce. Jira yake ka zo ka kunna masa. Sai ga yadda ya fara jin kiɗan naka."

"Yaya, ki dake ni." Goshinsa na kan tayil. "Don Allah ki dake ni, ko na ji sauƙi."

"Ban da ƙarfin dukanka."

"Ina zan sa fuskata? Da wane ido zan shiga gidan nan? Wallahi na tsani kaina, Yaya. Kunya nake ji kamar in mutu."

"Kunyarka ba za ta buɗe masa baki ba. Tashi ka wanke fuska. Baba yana mota, na bar shi a inuwa na ce minti biyar zan yi. Ban gaya masa ko ina ne nan ba. Ba yau za ka gan shi ba, sai na..."

Ta tsaya.

Ƙwas. Sai jan ƙafa.

Ƙwas. Sai jan ƙafa.

Ƙarar sanda ce a kan tayil, kuma a cikin ɗakin take.

Kwamanda ne a bakin ƙofar da ya bari a buɗe, hularsa a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana tallafe da dattijo dogo, siriri, cikin farar riga mai guga. Hannun hagunsa na rataye. Bakinsa ya karkata gefe. Idanunsa kuwa ƙyar, irin na shugaban makarantar da yara ɗari takwas ke shiru in ya ɗaga gira.

"Yaya, ki yi haƙuri," Kwamanda ya ce da muryar da ba ta fita sosai. "Na same shi ya buɗe mota yana ƙoƙarin saukowa. Ya ga hoton Oga a allon waje. Na ce ya jira, ya buga sanda a ƙasa. Ban iya hana shi ba."

"Tun yaushe kuke tsaye?"

"Tun daga... tun daga inda Oga ya fita amsa waya."

Tsawa bai tashi ba. Bai ma iya ɗaga kai ba. Takalman Baba kawai yake gani suna matsowa, ɗaya na taku ɗaya na jan ƙasa, har suka tsaya dab da yatsunsa.

"Baba..." Sauran maganar ta maƙale. Yau shi ne harshensa ya ƙi.

Baba bai dube shi ba. Ya bi ɗakin da kallo, lasifikoki, makirfo, wayoyi a ƙasa, soson da aka manna a bango. Ya daɗe a kan fuskar kwamfutar, inda ɗan jan yankin nan yake a farkon dogon farin layi.

Yaya ta tura masa kujerar Tsawa. Ya zauna a hankali, ya jingine sandar.

Sai idonsa ya sauka a kan zoben.



Ya miƙa hannun dama ya jawo shi. Ya yi ƙoƙarin sawa da yatsu, ya suɓuce, ya gangara, ya faɗo ƙasa, ya yi ta juyi har ya kwanta a gaban gwiwar Tsawa.

Yaya ta yunƙura za ta ɗauka. Baba ya ɗaga mata hannu.

Ya miƙa yatsansa ƙasa, saitin fuskar ɗansa, ya bar shi a nan.

Tsawa ya ɗauki zoben. Sau biyu yana kuskure kafin ya shiga. Yatsan ya rame, zoben har yana juyawa.

Daidai nan wayarsa ta hau gurnani a kan tebur. Sunan mai shirya taron gobe ne ke haske a fuskarta, mutumin nan dai na ranar.

Baba ya kalli wayar. Ya kalli Auta.

Tsawa ya kai hannu ya danne maɓallin gefe har ta mutu gaba ɗaya, ya tura ta ƙarƙashin tebur. Ya gyara durƙuso. Ya ɗago jajayen idanunsa ya sa a fuskar mahaifinsa, karo na farko tun shigowarsa.

"Ina nan, Baba. Ko zuwa gobe ne, ina nan. Ko me za ka ce, na cancanta."

Baba ya ɗora hannu a kan katakon teburin. Wannan karon bai rufe ido ba.

Kwana tara ba a ji muryar nan ba. Yaya ta riƙe numfashi. Kwamanda ya juya fuska bango.

Tsawa bai san ko roƙon nan na wata biyu za a maimaita masa ba, ko kuwa korar da ta fi ta shekara bakwai ce ke tafe.

Zoben ya ɗaga.

Tak.

"Ka..."